Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

FILIN MANOMA
Daga Malamin Gona, Daura

Masu karanta wannan fili sun saba mu yi zancen taki, da iri, da maganin ƙwari. Yau za mu ɗan ratse, amma ba nisa za mu yi ba. Wanda ya yi haƙuri ya biyo ni har ƙarshe zai ga zancen ya komo bakin rumbunsa.

Kwanan baya, bayan an gama yankan gero, na tafi wata kasuwar ƙauye gabas da Daura don in ji kuɗin wake. Da la'asar sakaliya, ina shirin komowa, sai na ji kiɗa ya tashi wajen masu tukwane, mutane suna ta gudu can. Na bi su. Ashe gardawa ne su uku, sun sha layu da guraye. Ɗaya yana riƙe da kura, an sa mata takunkumi an ɗaura mata sarƙa mai kauri. Ɗaya yana jan gwaggon biri an sa masa 'yar riga. Na ukun kuwa yana da akwati cike da macizai, da ƙulle-ƙullen magani yana sayarwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Kowa ya girma a ƙasar Hausa ya taɓa ganinsa, ni ma ina yaro na bi su har bayan gari. Abin da ya sake shi ne hannuwan 'yan kallo. Da can kwabo suke jefawa, yanzu waya suke ɗagawa. Na ƙirga wayoyi sun fi 20 a sama. Gardi ya ɗaga kulki ya zabga wa kura a kwiɓi, ta yi wani irin kuka ta miƙe tsaye kan ƙafafun baya, jama'a suka ɗauki shewa. Sai wani saurayi daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Don Allah a ƙara mata ɗaya, ban ɗauka ba!" Ya miƙa kuɗi. Aka ƙara mata.

Wani dattijo da ke tsaye kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka ga abin da magabata suka ce ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma wannan bugu na biyu, wa ya yi shi? Gardi ko mai waya?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Mai waya ne, ya ari hannun gardi."

Wannan magana ta dattijo ita ta sa na ɗauki alƙalami yau.

DAGA DANDALI ZUWA TELEBIJIN

A da, in gardi ya yi wasa a kasuwa, mutum 100 ko 200 suka gani, kasuwa ta watse, magana ta ƙare. Sa'an nan aka kawo majigi, daga baya telebijin. An buɗe tashar telebijin ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta Kaduna ta biyo baya cikin 1962. Yau kuwa kowane saurayi yana da tasha tasa a aljihu. Abin da aka ɗauka a ƙauyen Baure da la'asar, kafin lisha an gan shi a Kano da Damagaram da Jidda ta hanyar Facebook ko TikTok.

Ku lura da yadda kuɗin ke tafiya, don 'yan kasuwa za su fi kowa gane shi. Mai tasha ba kura yake sayarwa ba, idon jama'a yake sayarwa. In masu kallo suka yi yawa, masu talla su biya shi da tsada. Haka kuma masu sa hotuna a intanet, gwargwadon yawan masu kallonka gwargwadon sunanka da abin da za ka samu. To, dabbar da ke kwance lafiya tana barci ba ta tara jama'a. Sai ta firgita, ko ta yi kuka, ko ta kai cizo. Saboda haka duk mai neman 'yan kallo tilas ya nemi hanyar firgita ta, gobe kuma ya ƙara kan abin da ya yi jiya, don ido ba ya ƙoshi.

Gardawanmu ma sun shiga duniya ta wannan hanya. Cikin 2005 wani mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, ana ce da shi Pieter Hugo, ya zo ya iske wata ƙungiyarsu a gefen Abuja, ya zauna da su yana ɗaukar hotunansu, ya sake komowa cikin 2007. A shekarar nan ya buga littafi, hotunan suka zaga manyan biranen Turai da Amurka. Waɗansu suka yi ta mamakin jaruntakar mutanen, waɗansu kuwa sarƙa da takunkumi suka tsaya musu a rai.

TURAWA MA SUN YI

Kada wani ya zaci wannan cuta tamu ce mu kaɗai. Masu sinima na Turai da Amurka sun daɗe da kamuwa da ita.

Sa'ad da ake shirya wani fim a Amurka mai suna Jesse James, wanda ya fito cikin 1939, aka tura doki daga kan dutse mai tsawo ya faɗa cikin ruwa, don a sami hoto mai ban tsoro. Dokin ya mutu. Jama'a suka yi ca, har daga 1940 aka ba wata ƙungiyar jin ƙan dabbobi, American Humane, ikon sa ido kan yadda ake aiki da dabbobi a wurin shirya fim. Ingila kuwa tun 1937 ta kafa doka ta hana nuna fim ɗin da aka azabtar da dabba wajen yinsa.

Cikin 1958 kamfanin Walt Disney ya fitar da wani fim na namun daji, White Wilderness, har ya ci babbar kyauta. A ciki an nuna wani irin ɓera na ƙasashen ƙanƙara, ana kiransa lemin, wai su kan taru su yi ta gudu su faɗa teku su kashe kansu. Shekaru da yawa mutane suna gaskata wannan. Sai cikin 1982 tashar telebijin ta Kanada ta tona asiri. Ashe sayo ɓerayen aka yi daga wani wuri aka kawo lardin Alberta, aka ingiza su daga kan gaɓa suka faɗa kogi. Watau an kashe dabba, an kuma yi wa mai kallo ƙarya. Sau da yawa abubuwan nan biyu tare suke tafiya.

Akwai kuma wani shiri na tashar ITV ta Ingila da aka fara cikin 2002, sunansa I'm a Celebrity. A kan kwashi sanannun mutane a kai su dajin Ostareliya, a rufe su cikin akwati da macizai da ɓeraye, a zuba musu ƙwari a ka, jama'a na gida suna dariya. Cikin 2009 biyu daga cikin 'yan wasan suka kashe ɓera gaban na'urar ɗaukar hoto suka dafa suka ci. Ƙungiyar jin ƙan dabbobi ta can ta kai ƙara, cikin 2010 kotu ta ci tashar tarar dalar Ostareliya 3,000. Mai karatu zai yi dariya ya ce, a kan ɓera? Ai mu ma muna kashe gafiya mu ci. Haka ne. Amma ba cin aka hukunta ba, wahalar da ɓeran ya sha kafin ya mutu aka hukunta. Da ƙorafi ya yi yawa, cikin 2019 tashar ta daina sa 'yan wasa cin ƙwari da ransu.

Na intanet ya fi muni. Waɗansu su kan ɗauki ɗan kwikwiyo su ajiye shi gaban mesa da gangan, sa'an nan su fito kamar masu ceto. Cikin 2021 sai da YouTube ta kafa doka ta hana irin waɗannan hotuna. Cikin 2023 kuma ma'aikatan BBC suka bankaɗo wata ƙungiya, mutane a Amurka da Ingila suna aika kuɗi Indunusiya ana azabtar da 'ya'yan birai ana ɗauka musu. An kama waɗansunsu an ɗaure.

Abin lura a nan shi ne, duk inda aka sami gyara, masu kallo ne suka fara cewa ba su so. Ba mai tasha da ya taɓa barin abin da ke kawo masa kuɗi don kansa.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Mu komo gida. Wasan minti 10 muke gani, ba mu ganin abin da ya wuce kafinsa.

Kura dabbar dare ce, mai yawo, ta kan yi tafiyar mil da yawa kafin gari ya waye, tana kuma zaune cikin dangi. Cikinta wajen kwana 110 ne, ta haifi ɗa ɗaya ko biyu, ta shayar da su fiye da shekara guda. Irin wannan dabba ba ta yarda ta bi mutum cikin rana tsaka, tsakiyar kasuwa, kan ƙasa mai zafi, sai an karya mata zuciya da yunwa da kulki. Ku duba wuyanta inda sarƙa ke gogawa, ku duba hancinta ƙarƙashin takunkumi, za ku ga gashi ya ƙare, wani wuri ma gyambo ne. Kukan nan da muke cewa dariya, ba daɗi ke sa ta yin sa ba, ta kan yi shi sa'ad da aka matsa mata.

Biri kuwa babba ba ya horuwa, ƙarami ake nema. Ɗan biri yana manne da cikin uwarsa, ita kuwa ba ta sakinsa da ranta. Saboda haka galibi in ka ga ɗan biri da igiya a ƙugu, to, an kashe uwa. Jan biri ya fi kowane biri gudu a duniya, Allah ya yi shi don fili, ga shi ya ƙare kwanansa kan igiya kamu uku.

Maciji, yawanci a kan karye masa fiƙoƙin dafi kafin a yi wasa da shi. Bakin ya kan ruɓe, ya kasa cin abinci, ya rame ya mutu, a koma daji a kamo wani. Ga kuma abin da 'yan kallo ya kamata su sani: fiƙar maciji tana sake tsirowa. Macijin da aka rataya wa yaro a wuya yau don a ɗauki hoto, ba wanda ya san ko sabuwar fiƙa ta fito. Sa'an nan cizon biri ko na kura yana iya kawo ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana ba a tashi.

Batun maganin da suke sayarwa kuwa, na tsari da na dafi, ba zan tsawaita ba. Hausawa sun riga sun ce in da kura na maganin zawo da ta yi wa kanta. Wanda maciji ya sara, a ɗaure gaɓar da tsinke kada ta motsa, kada a tsaga, kada a tsotsa, a yi maza a kai shi asibiti. Akwai asibiti musamman na saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe, allurar kashe dafi ita ce abin da suke ceton mutane da shi, ba laya ba.

LEBURORIN DA BA A BIYA

To, ina ruwan manomi da wannan duka? Ga ruwansa. Yawancin dabbobin nan da ake kamowa don wasa, leburorinsa ne, suna yi masa aiki dare da rana ba ya biyansu ko anini.

Mu fara da ɓera, babban ɓarawon manomi. Irin ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke shiga rumbunanmu, cikinsa mako uku ne da 'yan kwanaki, macen ta kan haifi 'ya'ya 10 ko fiye a ciki guda. Shi ne kuma ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. Wa ke rage mana shi? Mujiya, da macizai, da shaho, da muzurun daji.

A Isra'ila da Jodan manoma har akwatuna suke kafa wa mujiya a gonaki don ta zauna ta yi ƙwai. Masana na can sun auna, mujiya biyu da 'ya'yansu su kan cinye ɓera 2,000 ko fiye a shekara. Bari mu yi lissafi irin na malaman kanti. Mu ɗauka kowane ɓera rabin tiya kaɗai zai ɓata kafin ya mutu. Rabin tiya sau 2,000, tiya 1,000 ke nan. In buhu tiya 40 ne, ya zama buhu 25. Ko mun yar da rabin lissafin don kada a ce mun yi zuƙu, saura buhu 12 da rabi. Wane manomi ne cikinmu zai kori leburan da ke tsare masa buhu 12 kyauta?

Amma mun kore shi. Bara na je wani ƙauye duba gonar gwaji, na tarar yara sun ciro mujiya daga kogon kuka, sun ɗaure mata ƙafa da zare suna wurga ta sama tana faɗowa, wani babba yana ɗauka da waya. Na ce su sake ta, suka ce ai tsuntsuwar mayu ce. Kafin in gama magana ta riga ta mutu, 'ya'yanta kuma suna cikin kogo ba mai ciyar da su. A wannan ƙauye ne kuma aka tare ni da kukan ɓera ya dame su, a taimake su da guba.

Sai ungulu. Duk wanda ya kai shekara 40 ya tuna yadda ungulaye ke cika kwata da bishiyoyin kasuwa. Yau sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba. Kamun da ake yi musu don tsibbu shi ne babban abin da ya ƙare su a ƙasarmu, har cikin 2015 aka sa irin ungulun nan tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Abin da ya sami Indiya ya isa wa'azi. Can wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, shi ya kashe ungulayensu, fiye da 95 cikin 100 suka mutu kafin a hana ba dabbobi maganin cikin 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yi yawa, ruwan sha ya ɓaci. Wani bincike da aka buga cikin 2024 ya kimanta mutum wajen 500,000 ne suka mutu tsakanin 2000 da 2005 saboda rashin ungulu. Ungulu ba ta jewar banza, aikin tsabta take yi mana.

Kura ma haka. A birnin Mekele na Habasha masana sun auna cikin 2021, suka ga kurayen da ke kewaye da garin suna cinye mushe da ƙazantar kwata wajen tan 207 a shekara, suna kuma rage yaɗuwar ciwon saifa da tarin fuka tsakanin dabbobi da mutane. Masu zuwa kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa sun san abin da ciwon saifa ke nufi, ba su kuma manta da tsoron da aka shiga cikin 2023 ba, sa'ad da ya ɓulla a wata gona a Suleja.

Har wa yau ga shamuwa mai yi mana albishir da damina, abincinta fara ne. Ga belbela mai bin shanu tana tsince ƙwari. Ga bushiya, wadda yara ke jefawa cikin ruwa don su ga ta buɗe, ita kuwa dare ɗaya ta kan cinye ƙwari cike da hannu. Duk wanda aka ɗauke daga cikinsu, aikinsa ya koma kan aljihun manomi, ya sayi guba ya sayi feshi.

KISA DABAN, AZABA DABAN

Na san abin da waɗansu za su ce, don an sha faɗa mini. "Malam, kai albashi kake ci. Kura ba ta taɓa ɗauke maka akuya ba, biri bai taɓa tone maka gyaɗa ba, kububuwa ba ta taɓa sarar ɗanka a kunya ba."

Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Ni ɗan manomi ne, na yi gadin biri a gona tun ban san harafi ba. Ban ce kowa ya bar gamsheƙa cikin ɗakin 'ya'yansa ba. Ban ce mafarauci ya bar sana'arsa ba, muddin yana bin doka. Wanda ya tsare ransa da dukiyarsa bai yi laifi ba.

Mu mutanen Daura ma ai tarihinmu da kisan maciji ya fara. Amma ku tuna yadda labarin yake. Macijin nan Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Bayajida ya tafi cikin dare, ba ɗan kallo ko ɗaya, ya sare kansa, gari ya sami ruwa. Bai cire masa fiƙa ya zaga da shi kasuwa-kasuwa yana karɓar kuɗi ba. Larura ce ta kawo kisan, da larura ta ƙare aka gama. Wannan shi ne bambancin. Kisan larura gaggawa ake yi a huta. Azabar wasa kuwa jan ta ake yi, don in ta ƙare kallo ya ƙare.

Malamanmu sun karantar da mu haka tun muna makarantar allo. Sun faɗa mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Sun ce an hana a ɗaure abu mai rai a mai da shi abin gwada harbi, an hana a zuga dabbobi su yi faɗa. Ko dabbar da aka halatta mana ci, an ce a wasa wuƙa a hutar da ita. In ragon layya yana da wannan hakki, ina dalilin da zai sa a ce kura ba ta da shi?

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Dokar Final Kot da aka fara aiki da ita a Arewa cikin 1960, a sashe na 207, ta sa ɗauri ko tara kan wanda ya yi wa dabba mugun duka ko ya azabtar da ita, ba ta gida kaɗai ba, har da ta daji wadda aka kama aka tsare. Cikin 1963 aka kafa Dokar Namun Daji ta Arewa. Cikin 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa tata don tsare dabbobin da ke neman ƙarewa, aka ƙara mata nauyin tara cikin 2016. Doka ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ga laifi ya kira shi laifi.

Saura maganar gardi kansa. Shi ma mutum ne mai iyali, sau da yawa sana'ar gado ce, bai san wata ba. Ban rubuta wannan don a jefe shi ba. Sanin halin dabba da ke kansa ya fi na mu da muka yi makarantar gona, sanin nan kuwa yana da kasuwa. Gidajen ajiye namun daji suna bukatar masu kiwo. Masu yin allurar kashe dafi suna bukatar masu iya kama maciji da ransa. Gari ma yana bukatar wanda za a kira ya fitar da maciji daga ɗaki ya kai shi daji. A birnin Harar na Habasha akwai masu wasa da kura, baƙi suna biyan kuɗi su gani. Amma kurayen ba sarƙa ba takunkumi, da dare su kan zo bayan ganuwa da kansu, a ba su nama, su koma dajinsu. Mai wasa ya sami kuɗi, kura ba ta sha bugu ba. A nan gida ma, wanda ya je Yankari ta Jihar Bauci, wadda aka buɗe wa masu kallo cikin 1962, zai ga gwaggon biri yana yawonsa ba igiya, zai kuwa gane bai taɓa ganin biri ba sai ran nan.

ABIN DA ZA MU IYA YI

1. In ka ga ana wasa da dabba ana dukanta, kada ka ba da kuɗi, kada ka ɗaga waya. Wuce abinka. Gardi ba ya wasa a wurin da ba kowa.

2. In an aiko maka da irin wannan hoto, kada ka tura wa wani. Kowane kallo kamar kwabo ne ka jefa. In ka iya, danna wurin kai ƙara da ke jikin hoton.

3. Kada ka yarda a ɗora wa ɗanka maciji ko biri, ko a hau da shi bayan kura, ko da an ce an ba shi magani ya sha.

4. Kada ka sayi ɗan biri, ko ɗan gada, ko tsuntsun daji a bakin hanya, ko don tausayi ne. Kuɗin da ka biya shi ne jarin kamo wani gobe.

5. Ka hana yaranka ɓata sheƙar mujiya da ta shamuwa. In akwai tsohuwar kuka mai kogo a gonarka, ka bar ta.

6. Ka tsare dabbobinka da shinge mai ƙarfi, ka share ciyawa kewaye da gida da rumbu. Inda ba ɓera maciji ba ya zama. Kada ka sa wa mushe guba don kura ko kare, gama ungulu da shaho su za su fara ci.

7. Masu unguwanni, da dagatai, da sarakunan kasuwa su ne ke ba da filin wasa. In suka ce ba a dukan dabba a kasuwarsu, ba za a yi ba. Masu shirya fim da masu tashoshin telebijin na Hausa su ma su duba. In labari yana bukatar dabba, a nemi likitan dabbobi ya tsaya a wurin.

Malaman makaranta kuwa, roƙona gare ku shi ne ku riƙa faɗa wa yara aikin da kowace dabba ke yi. Yaron da ya saba dariya sa'ad da mai rai ke kuka, wata rana jakinsa zai sha, daga jaki kuma sai na cikin gida.

Kafin in bar kasuwar nan na sake bi ta inda gardawa suka sauka. Jama'a sun watse. Kura tana kwance ƙarƙashin mota tana haki, ba ruwa kusa da ita. Dattijon nan na ɗazu ya ari kwano wurin mai fura, ya cika da ruwa, ya ba gardi ya ce, "Ɗana, sassauta mata takunkumin ta sha." Gardi ya dube shi, ya karɓa, ya sassauta. Wannan kam ba wanda ya ɗauka da waya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen yadda ake ajiye wake kada ya yi ƙwari. Mai tambaya ya rubuto wa Edita, a sa "Filin Manoma" a bayan ambulan. Allah ya sa albarka cikin abin da muka girbe, ya ba mu tausayin abin da ke ƙarƙashinmu. Amin.